Yadda Ake Tabbatar da cos²θ + sin²θ = 1 da Da'ira

Ka fara zana layin x a kwance da layin y a tsaye, sannan ka kafa tsinin kamfas a mahaɗarsu, wato O, ka kewaya da'irar da tazarar tsakiyarta zuwa bakinta 1 ce cif. Ka ɗiga P a bakin da'irar, ka ja layi daga O zuwa gare shi, ka sa wa kusurwar da ke tsakaninsa da layin x na hannun dama suna θ. Matsayin P shi ne (cos θ, sin θ), kuma wannan shi ne ginshiƙin hujjar gaba ɗaya.

Daga P ka sauko da layi sak zuwa layin x, za ka ga alwatika mai kusurwar digiri 90 ta fito, gindinta cos θ, tsayinta sin θ, gefenta mafi tsawo kuwa OP ne, wato 1. Ƙa'idar Pythagoras ta ba ka cos²θ + sin²θ = 1 kai tsaye.

Inda ɗalibai suka fi rikicewa shi ne idan θ ta haura digiri 90, domin cos θ yakan faɗo ƙasa da sifili. Ka gwada digiri 120, inda cos yake −1/2, sin yake √3/2: da zarar ka ninka kowanne da kansa alamar ragi ta ɓace, 1/4 da 3/4 suka haɗu suka ba da 1.