Yadda za ka tantance kwantiragin aiki a jirgin ruwan yawon shaƙatawa kafin ka sa hannu

Tun daga shekarar 2021, lokacin da aka kafa kamfanin Cruise Saudi a Jidda, manyan jiragen ruwa masu ɗaukar 'yan yawon shaƙatawa suka fara yawaita a tashoshin Jidda da Yanbu da Dammam, kuma a watan Disamba na 2024 jirgin Aroya ya fara fita Bahar Maliya daga nan Jidda. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin teku bayan sallar isha ya hango ɗaya daga cikinsu, fitilu hawa-hawa kamar unguwa guda ce ta tashi tana tafiya a kan ruwa, ba zai yi mamakin yadda samarinmu suka ƙwallafa rai a kan aikin ba. Tambayar da suke yi kullum ita ce nawa ake biya. Amsarta ba ta da amfani sai an haɗa ta da yawan awannin aiki a rana da yawan watannin kwantiragi.

Abu na farko da za ka nema shi ne sunan jirgin da sunan mai shi da tutar da yake ɗauke da ita. Ko da daga Jidda ka hau, dokar ƙasar da jirgin ya yi rajista ita ce ke hukunci a kan aikinka, kuma yawancin irin waɗannan jirage suna ɗauke ne da tutar Bahamas ko Panama ko Malta. Abin da ya haɗa ƙasashen nan shi ne yarjejeniyar aikin teku ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ake kira MLC, da aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a ranar 20 ga Agusta 2013. A wurin wannan yarjejeniya, mai wankin kwanuka da mai gyaran ɗakunan fasinja da mai kai abinci tebur duk ma'aikatan teku ne, kamar dai wanda ke ɗakin inji. Ta ba ka damar karanta kwantiragin a natse, ka nemi shawara a kansa kafin ka sa hannu, sannan a ba ka kwafinka mai ɗauke da sa hannun ɓangarori biyu. Duk wanda ya ajiye maka takarda ya ce ka sa hannu yanzu-yanzu domin jirgi zai tashi, ya riga ya tauye maka haƙƙi tun ba ka taka jirgin ba.

Maganar dillali kuwa a bayyane take. Yarjejeniyar ta hana a karɓi ko kwabo daga hannun ma'aikaci a matsayin kuɗin samar masa aiki. Abin da ya hau kanka shi ne kuɗin fasfo da littafin ma'aikacin teku da takardar shaidar lafiya ta ƙasa, amma kuɗin biza mai jirgi ne ke biya. Na san wani yaro a unguwarmu wanda mahaifiyarsa ta sayar da zinarinta aka tura wa wani mutum da ya yi alkawarin gurbi a kicin, daga ranar da kuɗin suka shiga wayarsa ba ta sake shiga ba. Ka nemi aikin ta shafin kamfanin kansa, ko ta hannun wakilin da kamfanin ya ambata da suna, kuma ka yi taka-tsantsan da tallan da ke yawo a WhatsApp da Facebook.

Takardun da za a nema ba su da yawa, sai dai suna cin lokaci. Akwai horon tsaro na farko bisa yarjejeniyar horar da ma'aikatan teku ta duniya da ake kira STCW, wanda ya ƙunshi dabarun tsira a ruwa da kashe gobara da taimakon gaggawa da kiyaye lafiyar kai da ta abokan aiki, ana kuma sabunta wani sashe nasa duk shekara 5. Takardar lafiya ba ta wuce shekara 2. Littafin ma'aikacin teku a kan neme shi daga hukumar teku ta ƙasar da ka ke riƙe da fasfonta, misali NIMASA ga mai fasfon Najeriya. Mai zama da iƙama yana da ƙarin abin dubawa da ya fi waɗannan duka nauyi: kwantiragin jirgi kan kai wata 6 zuwa 9, don haka ka zauna da kafilinka, ka duba a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, ranar da iƙamarka za ta ƙare da wa'adin bizar fita da dawowa, domin kada ka gama kwantiragi ka tarar ƙofar komawa wurin iyalinka ta rufe.

Yanzu sai albashi, wanda shi ne zuciyar magana. Adadin da ake faɗa maka da baki dunƙulalle ne, a cikin takarda kuwa za ka tarar an rarraba shi gida-gida: akwai albashin tushe, akwai kuɗin ƙarin lokaci da aka ƙayyade tun farko, akwai kuɗin hutu, wani lokaci kuma da kaso daga tukwicin fasinja. Albashin tushe a kan lissafa shi ne a kan awa 8 a rana, wanda bai wuce awa 48 a mako ba, kuma jagorar yarjejeniyar ta ce awar ƙarin lokaci kada ta gaza ta tushe da ƙarin kashi ɗaya bisa huɗu. Domin ka sami ma'auni, mafi ƙarancin albashin tushe da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar wa ƙwararren matuƙi na shekarar 2025 shi ne dala 673 a wata, wato kusan riyal 2,524, tun da dala ɗaya riyal 3.75 ce. Wannan adadi na masu aikin tuƙi ne, ba lallai ya zama shi ake bai wa mai shara ko mai wanki ba, amma yana nuna maka inda ƙasa take.

Ka ɗauki biro ka yi lissafi da kanka. A ɗauka an rubuta maka dala 900 a wata, komai da komai, wato riyal 3,375. Idan kana aikin awa 11 kowace rana har kwana 30, ka yi awa 330, ke nan kowace awa ta tashi a kan riyal 10 da 'yan kai. Sannan ka tuna cewa a mafi yawan kwantiragin ƙananan ma'aikata, albashi yana tsayawa ne ranar da ka sauka. In ka yi wata 8 a ruwa ka zauna wata 2 a gida kana jiran kira, kuɗin wata 8 ne za su ciyar da gidan na wata 10, abin da ya rage maka riyal 2,700 a kowane wata. A ɗaya ɓangaren, ba ka biyan haya, abinci da ruwan sha kyauta ne bisa doka, ba ka kuma biyan kuɗin mota, shi ya sa mai kamun kai kan tara abin da ba zai iya tarawa a kan tudu ba. A ganina aikin yana da riba ga wanda ya shiga da wannan lissafin a hannu, yana da ɗaci ƙwarai ga wanda ya shiga da lissafin dillali.

Tukwici shi ne wurin da aka fi ruɗa sabon shiga. Ka tambaya ko adadin da aka rubuta tabbatacce ne ko da jirgi ya tashi rabinsa babu kowa, ko kuwa yana hawa da sauka ne da yawan fasinja. Ka tambaya kuma wa ke biyan kayan aiki da takalmi, da kuɗin intanet a cikin jirgi, da abin da ake cirewa in ka aika kuɗi gida. Dole ne a biya ka aƙalla sau ɗaya a wata, a ba ka takardar da ta nuna abin da aka biya da abin da aka cire, a kuma ba ka hanyar tura wani kaso kai tsaye ga iyalinka.

Game da awannin aiki, kada ka sa ran Juma'a ko wata ranar hutu, domin jirgi na sauke fasinja da safe ya ɗebi wasu da yamma. Abin da doka ta tanada shi ne hutun da bai gaza awa 10 a cikin kowace awa 24 ba, da awa 77 a cikin kwana 7, kuma ba a raba hutun yini fiye da gida biyu, ɗaya daga ciki ya kai awa 6. In ka cire 77 daga awa 168 na mako, za ka ga cewa mutum na iya yin aikin awa 91 ba tare da an karya doka ba. Ana rubuta awannin kowa a rajista, ana kuma neman ya tabbatar da su. Kada ka amince da awannin da ba su ne ka yi ba don gudun ɓacin ran shugaban sashe, domin wannan rajistar ita ce shaidarka ranar da za ka nemi haƙƙinka. Ka riƙe ƙaramin littafi a aljihu ka riƙa rubuta lokacin shiga da na tashi.

Ɗakin kwana ƙarami ne, galibi a ƙasan jirgi, babu taga, da gado mai hawa biyu da za ka raba da mutumin wata ƙasa. Ga Musulmi, ya kamata a yi tambaya tun wurin ganawar neman aiki, ba bayan an bar tasha ba: shin sashen da za a kai ka ya shafi ɗaukar giya ko naman alade ko gidan caca, akwai abincin halal a ɗakin cin abincin ma'aikata, kuma yaya ake yi da sahur da buɗa-baki a watan azumi. Sassan wanki da gyaran ɗakuna da kula da kayan jirgi sun fi nisa da waɗannan abubuwa. 'Yar'uwa mai neman aikin ta ƙara da tambayar ƙa'idar tufafi da ɗankwali.

In rashin lafiya ta same ka, magani a jirgi kyauta ne, kuma jirgin da ke ɗauke da mutum 100 ko fiye a tafiyar ƙasa da ƙasa da ta wuce kwana 3 dole ya kasance da likita. Mai jirgi ne ke ɗaukar nauyin jinya, kuma ba a yarda ƙasa ta rage wa'adin wannan nauyi ƙasa da mako 16 ba. Hutun shekara mai albashi kwana biyu da rabi ne a kan kowane wata, kuma ba a riƙe ka a jirgi har wata 12 ba tare da ka cancanci a mayar da kai gida da kuɗin kamfani ba. Ka duba garin da aka rubuta a matsayin wurin mayarwa, domin in iyalinka na Jidda amma takarda ta ce Kano, Kano za a saya maka tikiti. Ka duba kuma abin da zai faru in kai ne ka ajiye aiki kafin wa'adi, domin a nan ne a kan ɗora wa mutum kuɗin jirgin sama.

Kowane jirgi yana da rubutacciyar hanyar kai ƙara, kuma haramun ne a muzguna wa wanda ya bi ta. In ba a saurare ka a ciki ba, kana iya kai kuka ga jami'an binciken jirage a tashar da kuka tsaya, ko hukumar ƙasar tuta, ko sufetocin ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF. Kafin ka bar gida, ka ɗauki hoton kowane shafi na kwantiragin da na fasfo da iƙama da takardun horo, ka bar kwafi a hannun mahaifi ko yaya, tare da sunan jirgin da lambar wakilin da ya ɗauke ka.