Kurakuran da ke hana ɗaliban kimiyyar ƙasa da tsirrai cin moriyar karatunsu

Duk shekara idan sunayen waɗanda suka samu gurbin jami'a suka fito, ba a rasa yaron da zai turɓune fuska yana cewa, "Likitanci na cike, suka tura ni kimiyyar ƙasa." Kuskuren farko ke nan, tun kafin a shiga aji. Sai ya zauna da niyyar canza sashe, canjin bai yiwu ba, ya ƙarasa shekara biyar yana jan ƙafa. Ƙanena, taura biyu ba ta taunuwa. In za ka bar fannin ka bar shi da wuri, in kuwa ka zauna, to ka zauna da zuciya ɗaya, don ba wurin 'yan rakiya ba ne. Tun 1922 ake binciken noma a cibiyar Samaru da ke Zariya, kuma daga wannan cibiya, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin masara da dawa da gyaɗa da wake masu suna SAMMAZ da SAMSORG da SAMNUT da SAMPEA suke fitowa. Waken SAMPEA 20-T da aka saki a 2019, wanda ke jure wa tsutsar da ke huda kwanso, aikin masu irin karatunka ne.

Na biyu shi ne gudun lissafi da kimiyyar sinadarai. Da yawa sun ɗauka da sun shigo noma sun rabu da su, alhali nan abincin yake. Ga gwaji. Manomi ya tare ka ya ce, "Malam, buhu nawa zan zuba wa masarata?" Abin da aka saba ba da shawara a yankin Zariya da makamantansa shi ne kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfet, 60 na fotash a kowace hekta. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50, kilo bakwai da rabi kacal yake ɗauke da shi na kowane sinadari, wato sai an zuba buhu takwas kafin a kai 60. Saura kilo 60 na naitirojin. Buhun yuriya ɗaya kilo 23 yake bayarwa, ke nan buhu biyu da rabi da ɗan ɗori. To gonar mutumin ma ba ta kai hekta ba, eka ɗaya ce, kuɗinsa kuma buhu biyu za su saya. Wanda ya iya warware wannan a tsaye, a bakin gona, ya faɗa wa manomi da mudu ko kwano, shi ne malamin gona. In ba ka iya ba, ɗauki biro ka yi ta maimaitawa da takin da ake sayarwa a kasuwarku har ya zauna maka kamar karatun Fatiha.

Inda na fi jin takaici shi ne ɗibar ƙasar gwaji. Na taɓa ganin ɗalibin ajin ƙarshe ya shigo ɗakin gwaje-gwaje da ƙasa a cikin tsohon buhun taki, ya ɗebo ta da fartanya wuri guda, can gefen gona kusa da inda ake jibge kashin shanu. Sakamako ya fito tamkar gonar ba ta buƙatar komai, nan kuwa masarar da ke ciki ta yi rawaya fatau. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta ta auna. Yadda ake yi: ka fara zagaya gonar, ka raba ta gwargwadon yanayinta, jigawa daban, kwari daban. A kowane ɓangare ka bi a karkace kamar tafiyar maciji, ka ɗeba a wuri 15 zuwa 20, daga sama zuwa zurfin santimita 20, bayan ka share ganye da yayi. Ka kauce wa bakin hanya, gindin bishiya, suri da wurin da aka ƙona shara. Ka gauraya su a bokitin roba mai tsabta, ka ɗauki kamar rabin kilo, ka shanya a inuwa, ka rubuta sunan gona da rana da abin da aka shuka bara. Wannan ɗan rubutun ne ake yawan mantawa, sai leda goma su taru ba a san wace ce wace ba.

Shekarar aikin gona, wato aji huɗu, mutane da dama sun mayar da ita hutu. A ba yaron ƙauye 'yan kuɗi ya yi huɗa da noma, ɗalibi ya zo ranar duba aiki da takalmi fes. Kai ka cuci kanka. Ita ce kaɗai damar da za ka ga wuta-wuta tana shaƙe dawa, ka buɗe tsakiyar masara ka ga ɓarnar tsutsar nan da ta shigo Najeriya a 2016, ka bambance ganyen da yunwar taki ta sa ya yi rawaya da wanda cuta ta kama. In da hali ka nemi a tura ka reshen Kano na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ko Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, ko wani kamfanin iri. Ko gonar tumatir a Kadawa ce, ka je ka ji daga bakin waɗanda sharon, wato tsutsar da ke cinye tumatir, ya yi wa ƙarƙaf.

Sai raina manomi. Dattijon da ya ce maka "nan fako ne, ba ya riƙe ruwa" ya riga ka yin rabin binciken, saura ka gano dalili. Ka ce "Baba, me kuke yi masa?" kafin ka buɗe jaka. Manoma sun san gero ya fi kyau a gindin gawo tun kafin a rubuta cewa bishiyar tana ƙara wa ƙasa naitirojin kuma tana zubar da ganye da damina. A Maraɗi, barin kututture ya sake toho a gona, abin da aka soma yaɗawa a shekarun 1980, ya mayar da bishiyoyi a miliyoyin hekta a kudancin Nijar. Dabarar zuba taki cikin murfin kwalba a kowane rami, wadda masu binciken ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, suka gwada a Nijar, ta karɓu ne saboda an auna ta da aljihun talaka.

Batun aiki kuma, kada ka naɗe hannu kana jiran ma'aikatar gona ko KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Kano, su buɗe ɗauka. Kamfanonin iri na Zariya da Gusau suna neman masu duba gonakin iri, masana'antun haɗa taki suna neman masu gwaji, ƙungiyoyi irin su Sasakawa suna aiki da malaman gona. Amma duk tambayarsu ɗaya ce: me ka iya? "Na karanta noma" ba amsa ba ce. Ka zaɓi abu guda ka ƙware, ko gwajin ƙasa, ko ban ruwa, ko cututtukan shuka, ko zana taswirar gona da kwamfuta. Mai son bincike kuwa ya sani digiri na farko ƙofa ce kawai, ya nufi na biyu, a Samaru ko Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero.

In ƙasa ce fanninka, akwai hukumar masana kimiyyar ƙasa ta Najeriya, NISS, da aka kafa da doka a 2017. Ka yi rajista da ita da zarar ka cika sharuɗɗa, kada ka bari sai ranar da aka nemi takardar a wurin ganawar ɗaukar aiki.