Darasi na 9: Kiwon Kifin Teku da Murjani a Akwatin Gilashi

Yawancinmu a Kaduna mun san kiwon tarwaɗa. A Kawo, Rigasa ko Tudun Wada ba a rasa gidan da aka ajiye tankin roba ana kiwonta. Tarwaɗa akwai jimiri: ruwa ya yi dauɗa, ta ɗago kai ta shaƙi iska, ta ci gaba da harkarta. Kifin teku ba haka yake ba. Ya saba da ruwan da gishirinsa da ɗuminsa ba sa sauyawa sosai, kuma murjani ya fi shi tsautsayi. Duk aikin mai wannan kiwo shi ne ya hana ruwan sauyawa, a garin da zafi, ƙura da ɗaukewar wuta ke neman sauya shi kullum.

Mun san murjani a wuyan iyayenmu mata, shi ya sa wasu ke zaton dutse ne. Dabba ne mai rai. Ƙananan halittu ne masu baki da 'yan yatsu, suna zaune a cunkushe wuri guda. A cikin jikinsu akwai wasu tsirrai da ido ba ya gani, su ne ke sarrafa haske su ba murjani yawancin abincinsa da launinsa. Ana samun sa a Bahar Maliya kusa da Jidda, da gaɓar Kenya da Tanzaniya, da Indonesiya. Jerin murjanin da ke gaɓar Ostireliya tsawonsa ya kai kilomita 2,300. Gaɓar tekun Najeriya kuwa laka da ruwan koguna sun yi mata yawa, murjani ba ya jin daɗinta. Saboda haka kayan wannan kiwo shigo da su ake yi, kuma suna da tsada.

Wuta kafin kifi

Kada ku sayi komai sai kun gama da maganar wuta. Akwatin yana buƙatar injin da ke juya ruwa dare da rana. Idan ruwa ya tsaya cik, iskar da kifi ke shaƙa takan ƙare cikin 'yan sa'o'i, kuma a lokacin zafi ta fi saurin ƙarewa. Za ku ga kifi ya taso sama yana haki, bakinsa na buɗewa da sauri. Injin juya ruwan ba ya cin wuta kamar fankar sama, don haka ƙaramin inbata da batir, ko sola, za su riƙe shi. Ku ajiye kuma ɗan injin iska mai aiki da batirin tocila saboda ranar da komai ya tsaya. Wanda ba shi da halin wannan tanadi, shawarata ya fara da kifin ado na ruwan daɗi. Babu abin kunya a ciki, kuma ya fi a zuba wa rai ido yana mutuwa.

Akwatin lita 100 ya isa mai farawa. Ƙarami ya fi wahala, domin ruwa kaɗan ya fi saurin ɓaci. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, idan aka haɗa da gilashi, yashi da duwatsu nauyin zai kusanci kilo 150. Teburin falo ba zai ɗauka ba. Masu walda a Panteka za su iya ƙera muku mazauni, amma a shafe shi da fenti sosai saboda gishiri na jawo tsatsa. A ajiye shi nesa da taga.

Ruwa da gishiri

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka mu bi a hankali. Ruwan famfo yana da kulorin. Ruwan rijiya da na burtsatse sukan ɗauko ƙarfe da wasu sinadarai da ke sa gansakuka ta mamaye akwati. Ruwan da ya dace shi ne wanda aka tace da injin RO, irin wanda masu kamfanin fiya wata da yawa ke amfani da shi. Kuna iya sayen ƙaramin injin, ko ku shirya da mai kamfani ya riƙa cika muku jarka. Ku tambaye shi ko ruwan ya bi ta RO ɗin, kuma ba a ƙara masa komai ba.

Gishirin miya ba zai yi ba. Ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam da maganiziyam da wasu abubuwa da murjani ke gina jikinsa da su, gishirin girki kuwa ba shi da su. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa don wannan aiki.

A teku, kowace lita tana da gishiri kusan giram 35. Jarka mai lita 25 za ta ci kusan giram 875 ke nan. Ku zuba ruwa a bokitin roba mai tsabta tukuna, sannan gishiri ya biyo baya kaɗan-kaɗan, a bar inji yana juyawa har ya kwana. Da farko ruwan zai yi fari-fari, da safe ku tarar ya washe tas. Sai ku ɗiga ɗigo biyu a kan ma'aunin gishiri, wata 'yar na'ura mai gilashi da ake leƙawa, ku ɗaga shi wajen haske ku leƙa. Lambar da ake nema ita ce 1.025 ko 1.026. Ma'aunin shi ne alƙali, ba sikeli ba.

Ga abin da nake so kowa ya haddace. Idan miya ta daɗe a wuta, ruwa ne ke tafiya, gishiri ya zauna, miyar ta yi zartsi. Haka akwatin yake. Idan ruwa ya ragu saboda iska ta shanye shi, ruwan RO zalla ake ƙarawa, ba na gishiri ba. Ku manna ɗan salatif a jikin gilashi daidai bakin ruwa, kullum ku cika zuwa nan. A hunturu, iskar Kaduna busasshiya ce, ruwan kan ragu da sauri, wani lokaci sai an cika safe da yamma.

Kada jan ƙarfe ko tagulla su taɓa ruwan. Ɗan kaɗan ɗinsu yana kashe murjani. Haka maganin sauro na fesawa da sabulun da ya rage a hannu.

Makonnin jira

Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a ramukan dutse su ne ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi. Sai a zuba yashi da duwatsu masu ramuka, a jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe, a jira mako 4 zuwa 6. Ana gwada ruwan a 'yar kwalba da maganin gwaji, a duba launi. Sai amoniya da naitirait sun koma sifili ake sa kifi. Yara za su dame ku da tambayar ina kifin yake. Ku daure, sauri kan haifi nawa.

Bazara da hunturu

Ɗumin da ake so shi ne digiri 24 zuwa 26. A watan Maris da Afrilu zafin Kaduna kan wuce 35. Idan ruwa ya daɗe a 30 ko sama, murjani yakan kori tsirran da ke jikinsa, ya yi fari fat, daga nan sai mutuwa idan ba a yi sauri ba. Ku buɗe murfi, ku sa ƙaramar fanka ta riƙa hura saman ruwa. Idan abin ya yi tsanani, ku daskarar da ruwa a gorar roba, ku rufe ta gam ku jefa ta yi iyo a ciki, kuna duba ma'auni don kada sanyin ya sauko farat ɗaya. A daren Disamba da Janairu kuma hita ce za ta yi aiki, sannan a rufe akwatin da raga saboda ƙura.

Me za a fara sakawa?

Kifi biyu ƙanana sun isa. Akwai wani mai ruwan lemo da ratsin fari uku, ana haifar sa a gidajen kiwo, ya fi wanda aka kamo daga teku juriya. Kada a juye shi cikin akwati daga isowarsa. A bar ledar a ɗaure ta yi iyo minti 15 zuwa 20, sannan a riƙa ƙara mata ruwan akwati kaɗan-kaɗan kafin a sake shi. Abinci kuwa abin da zai cinye cikin minti biyu.

Murjani sai bayan wata biyu ko uku, kuma a fara da mai laushi, wanda ba shi da ƙashi. Yana son fitilar LED mai shuɗi da fari sa'a 8 zuwa 10 a rana. Masu ƙashi sun fi wuyar riƙo, kuma yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta sa sai da takarda ake ƙetare iyaka da su.

Akwai gargaɗi mai nauyi a nan. Wasu ƙananan murjani masu zagayayyen baki suna da guba mai ƙarfi. A sa safar hannu, a kare ido, kuma kada a taɓa tafasa dutsen da suka manne a kai, domin tururin yana kwantar da mutanen gida gaba ɗaya.

Duk mako ku zuƙe kashi 10 cikin 100 na ruwan da tiyo, ku mayar da sabon ruwan gishiri da ya kwana a haɗe. Ku goge gilashi, ku auna, ku rubuta a littafi: kwanan wata, zafi, lambar gishiri.

Aikin gida

1. Akwatinku lita 100 ne. Lita nawa za ku sauya a mako, kuma giram nawa na gishiri za ta ci?
2. Ruwa ya sauka ƙasa da salatif a ranar hunturu. Wane ruwa za ku ƙara? Ku rubuta dalili a jimla biyu.
3. Ku zana layi uku a littafinku, ku rubuta lokacin da wuta ta zo da lokacin da ta ɗauke a gidanku har kwana 7, ku kawo aji mu lissafa girman batirin da zai riƙe injin.