Sabon murjani ya iso Abuja: yadda za ka tare ƙwari tun a bakin ƙofa

Murjani mai rai da ake kiwo a tankin gilashi a Abuja tafiya mai nisa yake yi kafin ya iso. Wani daga Indonesiya ko Ostireliya aka taso da shi, ya kwana a tankunan dillalai biyu ko uku, sannan ya hau jirgi daga Legas. A kowane zango yana iya kwaso ƙwaro. Idan ƙwaron ya samu duwatsun babban tankinka ya ɓuya, fitar da shi aikin watanni ne, wani lokaci ma sai an kwashe duwatsun gaba ɗaya. Masu sayarwa za su ce maka a tsoma shi a magani kawai. Maganin yana sumar da manyan ƙwari, amma ba ya taɓa ƙwansu, kuma a nan mafi yawan mutane ke faɗawa.

Kafin kaya su iso, tanadi ƙaramin tankin killacewa na lita 40 zuwa 60. Kada ka zuba yashi ko dutse. Ragar roba da za a ɗora murjani a kai, ƙaramin famfo mai motsa ruwa, da fitila sun isa. Gishirin ruwan ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin gishirin ruwa, zafinsa digiri 25 zuwa 26 na Celsius. Ruwan da za ka haɗa da gishiri ya zama na matatar RO, wato na'urar da ke tace ruwa ta cire gishiri da ma'adanai, ba na bohol ba, ba fiya wata ba. A watan Maris da Afrilu ƙaramin tanki ya fi babba saurin ɗaukar zafi, don haka a kafa fanka tana hura saman ruwa, a riƙa cike abin da ya ƙafe da ruwa marar gishiri, tun da gishiri ba ya bin tururi. Da sanyin hunturu kuma sai hita mai kashe kanta. Famfon nan lallai ya hau inbata. Murjani yana jure kwana biyu babu fitila, amma ruwan da ya tsaya cik na awoyi bayan an ɗauke wuta yana iya kashe shi.

Da ledar murjanin ta iso, ɗora ta a saman ruwa na minti 15 zafinsu ya daidaita. Ruwan cikin ledar zubarwa ake yi, ko ɗigo kada ya shiga tanki. Sa safar hannu da tabarau, musamman idan murjanin nau'in Zoanthus ne ko Palythoa, domin wasunsu na ɗauke da guba mai suna falitoksin da ke shiga ta yanka ko ido. Kada ka taɓa tafasa dutsen da suke kai ko ka zuba masa ruwan zafi, tururin kansa yana kai mutum asibiti.

Sa murjanin cikin farar roba, ka duba shi da tocila da gilashin ƙara girma, ka fi ba ƙasansa da gindinsa lokaci. A jikin murjani nau'in Acropora, farin tabo zagayayye kamar an ɗiba da cokali alamar tsutsa mai faɗi ce da ke cin namansa. Ita kanta da wuya ka gan ta, launinta ya saje da na murjanin, amma ƙwanta suna nan a dunƙule, ruwan ƙasa, a gindi inda nama ya mutu. Akwai kuma Tegastes da ake kira jan ƙwaro, bai wuce rabin milimita ba, rawaya mai jan ɗigo. A ƙarƙashin faifan murjani nau'in Montipora nemi wasu fararen halittu masu geza kamar ɓurɓushin auduga. Tsakanin Zoanthus kuwa, ƙaramin katantanwa mai zanen baƙi da fari ne ɓarawon, da hannu ake cire shi.

Yanzu aikin da ya fi kowane magani amfani: raba murjanin da ɗan gindin siminti ko yumɓun da aka manna shi a kai. A nan ƙwai suke, a nan Aiptasia, wata ƙaramar halitta mai harbin murjani, ke maƙalewa, a nan ganyen Bryopsis da koren ƙwallon Valonia, gansakukar da ke mamaye tanki, ke farawa. Yanke da filaya ko reza ɗan sama da wurin tsohon manni, ka yar da gindin, ka manna a sabo da sufa gulu mai kauri. Idan nau'in da ya shimfiɗu ya rufe gindin ne har ba ya ciruwa, kankare duk inda babu nama da buroshin haƙori, ka shafe wurin da gulu. Aiptasia dai kada ka murƙushe ta a cikin ruwa, kowane guntu sabuwa yake zama.

Sannan tsomawa. Ɗebi ruwan tankin killacewa a roba uku. Ta farko a zuba magani, irin su Coral Rx ko Revive, daidai awon da ke jikin kwalba. Kada ka ƙara don wai ya fi ƙarfi, naman murjanin za ka ƙone. Minti 5 zuwa 10 sun isa, kana fesa masa ruwan da babbar sirinji ta kowace kusurwa, domin maganin yana sa ƙwarin suma ne, feshin ke kaɗo su. Acropora mai santsin fata ba ta da juriya, a tsaya a minti 5. Ɗauraye a roba ta biyu, sannan ta uku. Duba ƙasan farar robar ka ga abin da ya faɗo, shi zai gaya maka da wa kake faɗa. Ruwan maganin a zubar da shi, yana kashe jatan lande da kaguwa. Murjanin da ya iso a jigace, nama na saɓulewa, a bar shi ya huta kwana ɗaya ko biyu tukuna.

Ƙwan tsutsa mai faɗi yana ƙyanƙyashewa cikin kamar mako biyu zuwa uku, ya danganta da zafin ruwa. Saboda haka ake maimaita tsomawa duk mako har mako shida, don a kama 'ya'yan kafin su isa yin nasu ƙwan. Ranar da ka sake ganin ƙwaro ko ƙwai, lissafi ya koma farko. Haka ma idan ka ƙara sabon murjani a tsakiyar wa'adi.

Idan tankin dillali akwai kifi a ciki, akwai wata matsalar da ido ba ya gani. Ƙwayar cutar farin ɗigo ta kifin teku, Cryptocaryon, tana manne wa abu mai tauri ta kwanta, kuma maganin tsomawa ba ya huda ta. Masu tsananin kiyayewa suna barin murjani kwana 76 a tankin da babu kifi ko ɗaya, ƙwayar ta ƙyanƙyashe ta rasa wanda za ta kama ta mutu. A duk tsawon kwanakin, bokiti da sirinji da filayar tankin killacewa nasa ne shi kaɗai, a yi musu alama da jan tef, kuma a wanke hannu a bushe shi kafin a taɓa babban tanki.