Yadda Ake Fara Sana'ar Kafinta a Gida, Daga Sayen Katako Zuwa Samun Masu Saye

Wannan bayani na wanda ya riga ya zauna gaban maigida ne ya koyi riƙe zarto da guduma, yanzu yana son ya tsaya da ƙafarsa a ƙofar gida ko a wani kango. Akasarin yaran da ke buɗe nasu wuri hannunsu ya faɗa, sun iya aiki. Abin da ke kayar da su cikin shekarar farko ɗanyen katako ne, sai kuma kuɗin mutane da suke karɓa su rasa inda ya shiga.

Mataki na farko: ka zaɓi abu biyu ko uku

Kada ka fara da saitin gadon amarya. Jarinsa da nauyi, yana cin wuri, kuma kuskure ɗaya a jikin wadirob zai cinye ribar wata guda. Ka fara da abin da unguwa ke saye kullum: benci, kujera 'yar tsugunno, teburin mai shayi da na mai kayan miya, kantar jera tukwane a kicin, kejin kaji, benci da tebur na makarantun Islamiyya. Ka tsaya kan biyu ko uku ka yi ta maimaitawa har ka san kusa nawa da katako nawa kowanne ke ci ba sai ka duba takarda ba. Ka yanka ma'auni na dindindin da guntun filawud, na ƙafa daban, na saman kujera daban, ka rataye a bango. Tsayin tebur inci 30 ne, mazaunin kujera ko benci inci 18, 'yar tsugunno inci 8 zuwa 10. Idan ka kauce wa wannan, mai zama zai ji a gwiwarsa ko da bai san dalili ba.

Mataki na biyu: wuri da kayan aiki

Rumfar kwano mai kamar ƙafa 10 da 12 ta isa, in dai ruwa ba ya feso katako kuma rana ba ta dukansa. Abin da za ka fara haɗawa shi ne teburin aikinka, mai nauyi, da tubaifo, wato katako mai inci 2 da 4, wanda ba ya rawa. Zarto, guduma, tef na awo, sikwaya, cizal biyu ko uku, filen na kankare katako, dutsen wasa wuƙa, kilam na matse aiki aƙalla huɗu, da diril mai batir ɗaya. Shi kenan. In kuɗin kilam ya gagara, ka yanka tsohon tub na babur ka yi ɗauri da shi, yana matse ƙananan aiki sosai.

Kada ka zuba jarinka a babban injin tsaga katako. Wuta ba tabbas, man janareta zai cinye ka, kuma a duk kasuwar 'yan katako, ko Na'ibawa ce ko Rijiyar Lemo a Kano, ko Panteka a Kaduna, akwai masu inji da za su tsaga maka su goge a kan kuɗi kaɗan. Ka je da lissafin yankanka a rubuce, ka tsaya a kansu. Tina, wato ruwan sirka fenti, da fentin kansa kuma ka nisanta su da murhun gida da hannun yara, ka kuma daina bugun guduma lokacin da maƙwabta ke hutun rana, domin su ne masu sayenka na farko.

Mataki na uku: katako, inda ake faɗuwa

Mafi yawan katakon da ake sayarwa a Arewa daga dazuzzukan Kudu ake kawo shi, kuma sau da yawa bai daɗe da barin injin yanka ba. Da ruwansa yake zuwa. Sabon kafinta zai saya yau, ya goge gobe, jibi ya haɗa tebur mai kyau kamar a lasa. Mai shi ya ɗauka a watan Satumba yana sa albarka. Da iskar hunturu ta buso a Disamba sai katakon ya fara zubar da ruwan jikinsa: tsakanin falankin saman teburin ya buɗe har ana iya zura tsinken tsintsiya, ƙofar kabad ta murɗe ta ƙi rufuwa, ƙafa ɗaya ta ɗaga daga ƙasa, kan kusa ya leƙo waje. Mai tebur ba zai ce katako ne ba, cewa zai yi kafintan bai iya ba, kuma a majalisa zai faɗa.

Katako yana tsukewa ne ta faɗinsa da kaurinsa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Falanki mai faɗin inci 12 da aka saya ɗanye zai iya rasa rubu'in inci ko fiye kafin ya gama bushewa. Ba gam ko kusar da za ta hana wannan. In ka ɗaure shi da ƙarfi, tsagewa zai yi.

Tun a kasuwa za ka fara tantancewa. Ka ɗaga katakon: ɗanye ya fi nauyi, jikinsa da sanyi in ka ɗora bayan hannu, in ka ƙwanƙwasa shi ƙararsa a dushe take. Busasshe yana amsawa rau. Ka ɗora ido a bakinsa ka hango tsawonsa kamar mai saita bindiga, duk wanda ya lanƙwashe ko ya murɗe ka ajiye. Ka duba ƙananan huji masu fitar da gari, wannan ƙwaro ne a ciki, kuma zai bi ka har rumfarka. Kada kunya ta sa ka karɓi abin da yaron shago ya jawo maka daga sama, da hannunka za ka zaɓa.

Bayan ka kawo gida, ga yadda ake shanya shi. Ka sa bulo ko gungume ka ɗaga shi daga ƙasa kamar ƙafa ɗaya saboda gara da laima. Ka shimfiɗa falanki a kwance, ka gitta siraran sanduna masu kaurin inci ɗaya a kai, tazarar ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan ka ɗora layi na gaba. Dole sandunan kowane layi su hau daidai kan na ƙasa, in ba haka ba da kanka ka lanƙwasa katakon. A sama ka danne da bulo. A inuwa, inda iska ke ratsawa. Masu gaggawa sukan jingina falanki a bango cikin rana, sai bayansa ya bushe cikinsa na jiƙe, ya tsattsage ya zama kwale-kwale. Bakin katako ya fi saurin bushewa, shi ya sa tsaga ke farawa daga nan, don haka ka shafe bakunan da ragowar fentin mai.

Yaushe za ka san ya bushe? In kana da na'urar auna danshin katako, ka nemi ya sauko wajen kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari kafin ka taɓa shi don kayan cikin ɗaki. In babu, ka ware guntu ɗaya daga cikin jerin, ka kai sikeli ka auna, ka rubuta nauyin da ranar a jikinsa da fensir. Duk bayan kwana uku ko huɗu ka sake. Ranar da nauyin ya daina sauka sau biyu a jere, ya yi. Da rani falankin inci ɗaya bai cika ɗaukar lokaci ba, 'yan makonni ne, da damina kuwa sai ka yi haƙuri, mai kauri kuma ya fi haka nesa. Abin da wannan ke nufi ga jarinka shi ne kullum ka kasance da katakon da ke shanya yayin da kake aiki da wani. Katakon aikin wata mai zuwa yau ake sayensa.

Kowane iri da halinsa. Obece ba nauyi, yana da sauƙin aiki da saurin bushewa, amma ƙwaro na sonsa kuma ba ya jure ruwa, don haka na cikin gida ne kawai. Malaina tana da araha kuma ba ta cika murɗewa ba, sai dai tana riƙe ruwa a cikinta ta daɗe, ita ce ta fi yaudarar sababbi. Madaci da iroko su ne na aikin da ake son ya daɗe, iroko ma gara ba ta cika damunsa ba, amma sai ka huda kafin ka sa kusa ko sukuru, in ba haka ba bakin zai fashe. Duk abin da zai taɓa ƙasa ka shafa masa maganin gara irin su Solignum kafin haɗawa, ba bayan an haɗa ba, domin a mahaɗa gara ke shiga.

Allon MDF da HDF, waɗanda ake yi da niƙaƙƙen katako da aka matse da gam, ba ruwansu da wannan matsala ta shanya, tasu daban ce: ruwa. Matar gida za ta goge ɗaki da ruwa kullum, gindin kabad ya sha ya kumbura kamar burodi. Ka sa masa ƙafafu na roba ko na katako inci 3 zuwa 4, ka rufe duk bakin da aka yanka da tef ɗinsa. Allon ƙafa 4 ne da 8, ka tsara aikinka kan faɗin ƙafa 2 ko inci 16 don kada ragowa ta yi yawa, ka tuna bakin inji yana cin kusan milimita 3 a kowane yanka.

Mataki na huɗu: haɗawa da gyaran fuska

Kusa kaɗai ba ta riƙe ƙafar kujera. Ka fafe rami a jikin katako ɗaya ka shigar da harshen da ka fitar a bakin ɗayan, ka sa farin gam irin Top Bond, ka matse, ka bar shi ya kwana. Kafin gam ya kama ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in awon bai zo ɗaya ba aikin a karkace yake. Gam ɗin da ya tsatso ka share da jiƙaƙƙen tsumma nan take, in ya bushe fenti ba zai kama wurin ba. Samfefa lamba 80, sai 120, sai 180, kana bin tsawon katako. Feshin fenti da sassafe ake yi kafin iska ta tada ƙura, shafi biyu ko uku marasa kauri.

Mataki na biyar: kuɗi

Ka rubuta komai: katako, kuɗin inji, kusa, gam, samfefa, tina, fenti, dako, kuɗin adaidaita sahu, abincin yaro. Ka ƙara kashi 10 cikin ɗari na asarar yanka. Sannan ka sa wa kanka ladan yini kamar yadda za ka biya wani, sannan riba a kai. Wanda ya haɗa ladansa da riba wuri ɗaya, uwar kuɗi yake ci bai sani ba. Ka bar ɗan wurin ragi domin ba wanda zai saya bai taya ba, amma ka san inda za ka ce albarka.

Aikin oda sai da kafin alƙalami, kuma kada ya gaza kuɗin kayan aikin gaba ɗaya. Ranar da ka karɓa, ranar za ka sayi kayan, saboda farashi ba ya jiran kowa, kuma ka gaya wa mai aiki cewa kuɗin da ka faɗa na mako ɗaya ne. Kada ka taɓa ƙarasa aikin Malam wane da kuɗin Hajiya wance. Daga nan ake fara ɓuya. Awo, irin katako, launi, ranar bayarwa da ragowar kuɗi, duk ka tura masa a rubuce ta WhatsApp ya amsa. In kwana 10 aikin zai ci, ka ce mako biyu. In gado ne ka auna katifar da kanka ka bar inci ɗaya na sarari, in wadirob ne ka auna ƙofar ɗakin da kwanar soro, ka yi shi gida-gida yadda za a haɗa a can.

Mataki na shida: tallan kaya

Kowace safiya ka fito da abu biyu da ka gama ka ajiye a bakin hanya, da lambar wayarka a allo. Ka buga lambar a ƙarƙashin duk abin da ya fita daga hannunka, benci a wurin mai shayi mutum nawa ke zama a kansa a yini. Hoto ka ɗauka a inuwa da safe, jikin bango mai tsabta, ba a cikin tarkace ba, ka goge idon kyamarar tukuna. Ka ɗora a sitatus na WhatsApp da Facebook tare da awo da farashi, masu cewa a biyo su ta ciki kafin a ji kuɗi suna korar rabin masu tambaya. Gajeren bidiyo da ke nuna mutum ya hau kan benci ya tsaya, ko durowa tana shiga tana fita sumul, ya fi hoto goma sayarwa a TikTok.

Kayan ɗaki da na kicin mata ne ke yanke shawararsu. Ka ba matarka ko 'yar'uwarka hotuna, ka nemi dillaliya ɗaya mai shiga gidaje ku yanka la'ada tun farko. Ka kai samfurin benci ga shugabannin Islamiyyu da makarantun kuɗi kafin a dawo daga hutu, ka kuma tanadi busasshen katako kafin watannin da biki ke yawa, gabanin azumi da bayan salla. In makarantu sun fara neman rasit, ka yi rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ka buɗe asusun banki da sunan, daban da na cefane. Dusar katako ka tara a buhu, masu kiwon kaji suna saye. Duk wanda ka yi wa aiki da damina, ka kira shi in hunturu ya shiga ka tambayi ƙofa da durowa, in wata ta cije ka je da filen ɗinka ka gyara kyauta.