Yadda Japanawa ke dafa maganin saiwa, da awo suke yi

Mu nan Argungu idan aka kawo sassaƙe, jibga shi ake yi a tukunya, a cika ta da ruwa, a bar shi bisa murhu har ya yi ja. Gobe a ƙara ruwa, jibi ma haka, sai ɗacin ya gudu sannan a zubar. Japanawa ma suna da nasu maganin saiwa da ɓawon itace, Kampo, wanda ya shigo musu daga Sin wajen ƙarni na 6. A can likitan asibiti ne ke rubuta shi, kuma inshorar lafiya ta ƙasa tana biyan haɗi 148 na wanda aka sarrafa ya koma gari. Amma akwai masu dafawa a gida har yau. A hannun ƙanena da ke aiki can na koya, da ya zo hutu da ƙulle-ƙullen da likitansa ya haɗa masa. Kowane ƙulli na yini ɗaya ne cur, an auna shi a sikeli.

Fara da tukunya. Ta ƙasa ce ta fi, irin wadda muke dafa wake, amma ki ware sabuwa wadda maiƙo da yaji ba su taɓa shiga ba. Ta gilashi mai jure wuta ko ta tangaran ma ta yi. Baƙin ƙarfe da tagulla ne ba a so, don sinadarin da ke sa ɓawon itace bauri yana haɗuwa da ƙarfen, ruwan ya yi baƙi, maganin ya sauya.

Ruwa mililita 600 ake zubawa a ƙulli ɗaya, wato ledar fiya wata guda da ɗan ƙari, kuma mai sanyi, ba tafasasshe ba. Abin da ake nema shi ne ya ƙone ya koma rabi. A tukunyar ƙasa ido ba ya iya gane rabin nan, cikinta duhu ne ga tururi. Abin da nake yi: in juye maganin, in zuba rabin ruwan, in tsoma tsinke mai tsabta in yi masa shaida da wuƙa daidai inda ruwan ya tsaya, sannan in ƙarasa zuba sauran. Duk lokacin da na so dubawa, tsinken zai gaya mini.

Wuta ce ke ɓata wa mutane aiki. Da ya tafasa, ki janye garwashi ki bar kaɗan, yadda ruwan zai riƙa motsi a hankali yana ɗan ɓulɓul, ba ya tsalle. Murfi a karkace, kar ya yi bori. Minti 30 zuwa 40 ya isa. Idan cikin minti 15 ruwan ya kai shaidar tsinke, wuta ta yi yawa, ruwa ne kawai ya tafi, saiwar ba ta saki abin da ke cikinta ba. In kuwa ya kama ya ƙone, zubarwa ake yi, ba a ƙara ruwa a gyara.

Wasu haɗe-haɗen ba a zuba su lokaci guda. Ɗauki Kakkonto, wanda suke sha a farkon mura. Abu bakwai ne a ciki: saiwar wani tsiro mai yaɗo da suke kira kuzu, wani tsiro mao, citta, kirfa, saiwar wani fure shakuyaku, wani ɗan itace ɗan uwan magaryarmu, da saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus-sus. Likitan Sin Zhang Zhongjing, da ya rubuta haɗin wajen shekara ta 200, ya ce a fara dafa kuzu da mao, a kwashe kumfa, sannan a zuba sauran. Haka abu mai tauri irin ɓawon kawa, wata halittar teku, yakan riga shiga, mai ƙamshi irin na'ana'a sai dab da saukewa. In an ba ki ƙaramin ƙulli daban, ki tambayi lokacin sa shi.

Ana saukewa ake tacewa, da zafinsa, da rariya ko farin ƙyalle. In kika bari ya huce da tukar a ciki, sai ta sake tsotse abin da ta saki. Tukar kuma shara za ta. A Sin sukan dafa sau biyu, a Japan galibi sau ɗaya ne.

Ruwan da ya rage a raba shi biyu ko uku, a sha da ɗumi kafin cin abinci, ko awa biyu bayansa. Ba ya wuce yini ɗaya, a firij ma. Da zafin Kebbi na watan Afrilu da halin wutar lantarkinmu, ni da safe nake dafawa, in juye sauran a filas, a shanye kafin isha.

Mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mai juna biyu kada su kusanci Kakkonto sai likita ya duba su. Mao yana sa bugun zuciya ya ƙaru, saiwar mai zaƙi kuma in aka daɗe ana sha tana kumbura ƙafa, ta ɗaga jini. Kuma kar a ce za a haɗa shi da kayan kasuwarmu a cike gurbi da magarya, don galibin sauran saiwoyin ba sa fitowa a dajinmu.