Sabon ɗalibi a Landan: yi hattara da wayarka

Ɗan'uwa, barka da sauka. Kafin ka fara yawon ganin gari, bari ka ji abin da ke samun ɗaliban ƙasar Sin a nan, tunda idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

'Yan damfara ne ke kiransu da harshensu na Mandarin, su ce daga ofishin jakadancinsu ne ko daga 'yan sandan gida. Wai an kama wani ƙunshi da sunansu, ko an ga fasfonsu a shari'ar kuɗin haram, kuma kada su kuskura su faɗa wa kowa. Hatta lambar da ke fitowa a waya sai ta zo kamar ta ofishin, don ana iya ƙirƙirar ta. Yaro ya ruɗe, ya tura kuɗin makarantarsa. Wasu har akan sa su kama ɗaki a otal, su kashe waya, su ɗauki hoton kansu a ɗaure, sannan a aika wa iyaye a nemi kuɗin fansa, alhali ba wanda ya taɓa su. An ga irin wannan a Ingila da Ostareliya da Amurka.

Abin da ke cin su shi ne jin harshen gida a baƙon wuri. Mu ma muna da wannan lagon: mutum ya yi maka sallama da Hausa, shi ke nan ka saki jiki. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ba ta kiran ɗalibi ta ce ya biya tara yanzu-yanzu ko a kore shi. Katse kiran. Idan da sunan banki aka zo, buga 159, za a haɗa ka da bankinka na gaskiya. Kuma kada ka ara wa kowa asusunka don "a wuce da kuɗi", ko ɗan unguwarku ne; ranar da abu ya ɓaci, kai za ka amsa tambaya.

Sai masu fizgen waya. A kan keken lantarki suke zuwa, musamman wajen titin Oxford da bakin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, suna neman mai kallon taswira a gefen titi. Matsa jikin bango ko ka shiga shago kafin ka ciro waya. Tun yau danna *#06#, ka rubuta lambar IMEI da za ta fito, wato lambar shaidar wayarka, a takarda. In an fizge, kada ka bi su.

Wuƙa a aljihu da sunan kare kai laifi ne a nan, yana iya kai mutum ɗaurin shekara 4. Feshin barkono ma haramun ne.

A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, don haka ka koyi hanyar gidanka tun da haske. Baƙar tasi ce kaɗai ake tsayarwa a titi. Sauran sai ka yi oda. Lambar gaggawa 999, wadda ba ta gaggawa ba 101, in kuma a cikin jirgin ƙasa aka dame ka, tura saƙo zuwa 61016.